Ranar da Muka Je Binciken Sufeto

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa aka saka ni cikin wani kwamiti. An ce daga yanzu ba za a ƙara wa babban ɗan sanda girma ba sai an ji ta bakin mutanen da yake aiki a cikinsu. Mu uku ne: ni, da wani liman, da wata Hajiya mai bandar kifi a Haɗeja. Ni aka damƙa wa biro da takarda.

Wanda aka fara tura mu kansa wani sufeto ne da ke riƙe da ƙaramin ofis a wani ƙauye cikin fadama. Damina ce, ruwa ya cinye hanya. Muna tsaye a bakin gaɓa muna shawarar komawa gida, sai ga kwalekwale ya ɓullo daga cikin ciyawa. Mai tuƙin ya naɗe wando har gwiwa, ya ce mu ya zo ɗauka.

Da muka kai tsakiyar ruwa, liman ya rage murya ya ce masa, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, wane irin mutum ne sufeton garinku?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ni ne."

Na ƙara riƙe gefen jirgin da kyau, na ƙudurta ba zan yi wata tambaya ba sai ƙafata ta taka ƙasa.

Mun tarar gari ya hallara a filin makaranta. Muka roƙi sufeto ya ba mu wuri, ya koma gindin wata tsamiya ya zauna. Bulama, wato mai garin, ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce, "Wannan mutum bai cancanci ƙarin girma ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mene ne laifinsa?"

Ya dubi dama, ya dubi hagu, kamar mai neman agaji. Can ya ce, "Barci. Yana da yawan barci."

Wani makiyayi ya karɓe. Ya ce bara shanunsa sun shiga gonar shinkafa, sufeto ya zaunar da shi da mai gonar tun hantsi har la'asar, bai bari sun tashi ba sai da suka shirya. "Har yau bayana ciwo yake," in ji shi.

Wata tsohuwa ta ce, "Ni ƙwai na kai masa, ya dawo min da su har gida. In ba raini ba, mene ne wannan?"

Ina ta rubutawa, gumi na keto min, don ban san a wane layi ake sa irin wannan laifi ba. Hajiya ce ta fashe da dariya har mayafinta ya zame. Ta ce, "Bulama, ku ji tsoron Allah. Me kuke ɓoye mana?"

Bulama ya koma ya zauna, ya ce, "Hajiya, in aka ƙara masa girma ɗauke shi za a yi. Wanda ya riga shi zama a nan, in ya fito yawo har kajinmu muke ɓoyewa."

Ashe iska ta kai wa sufeto komai. A hanyar dawowa, da muka hango gaɓa, ya ce da ni, "Malam, na daɗe a wannan matsayi, ga iyali. Ka rubuta abin da ka gani." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma zancen barcin nan ya ci min rai. Ni da nake riga ladani tashi."

Kwana biyu ina juya takardar. Na ji tausayin mutanen ƙauyen, amma na kasa ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba. Na rubuta gaskiya, har da ƙwan, muka sa hannu. Bayan kaka aka ƙara masa girma, aka mai da shi wajen Birniwa.

Masuntan ƙauyen sun yi makonni ba su sayar wa Hajiya kifi ba. Bulama kuwa sai da shekara ta zagayo muka haɗu a kasuwar Kafin Hausa. Ya amsa gaisuwata da ƙyar, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Malam, sabon ma ba laifi. In za ku zo bincikensa, ka aiko mana da wuri, wancan karon ba mu shirya ba."