Faifan da Na Ƙona wa Gwaggo

A shekarun da na yi a shagona na bakin tashar Ikara, babu sunan da ba a kira ni da shi ba. Mai turin waƙa, mai ƙona faifai, har wani tsoho ya taɓa ce mini mai ɓata tarbiyyar yara. To, na ji. Amma duk wanda aka yi biki ko saukar karatu a gidansu, ya ɗauka a waya, yana son a gani a talabijin, ƙafarsa ce take kawo shi wurina. Mutane sun ɗauka aikin kwasa ne daga nan a zuba can, kamar awon masara. Ina! Bidiyon waya ba abincin na'urar faifai ba ne. Sai ka juya shi a kwamfuta ya koma irin wanda na'urar ta sani, sannan ka ƙona shi. Ƙonawa muke cewa a sana'a, ko da yake babu wuta babu hayaƙi. Na ƙona faifai ba adadi, amma guda ɗaya ne nake bugun ƙirji da shi har gobe, wato na gwaggona.

Gwaggo ƙanwar babana ce, tana aure a Kurmin Kogi. Ɗanta na fari taubashina ne, kuma ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da tsiya ba. In ya leƙo shago sai ya ce, "Ragon maza, har yanzu kana nan kana gadin allo?" Ni kuma in ce ya je ya wanke ƙaurin rake tukuna kafin ya yi magana da mutane, don duk rani a wajen Makarfi yake, yana dafa mazarƙwaila. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin a ce me ya faru Allah ya karɓi abinsa. Abin da ya rage na motsinsa da muryarsa a duniya shi ne wani ɗan bidiyo da abokinsa ya ɗauka a wurin aiki. Yana juya ruwan rake a kan wuta, ya waiwayo yana dariya, ya yi 'yar magana. Bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Gwaggo kuwa mutuniyar da ce, mai kara. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan" ko "yaron nan". Kakarsa ce ta raine shi. In ya shigo gaishe ta, sai ta kawar da kai ta amsa wa bango. Ranar da ya rasu ma ba wanda ya ga hawayenta, mata suna ta yaba dauriyarta. Ga shi idanunta sun fara dushewa, likita ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, sai dai a rage mata gudu.

Ƙanin marigayin ne ya fara kai bidiyon wani shago ranar kasuwa, aka zuba masa shi a faifai yadda yake, ba a juya ba. Da aka sa a na'ura sai rubutu ya cika allo, aka yi ta lalube da rimot kafin a same shi. Da ya fito kuma, sai ga mutum a kwance a gefe, tukunya a manne da bango, don a tsaye aka riƙe wayar lokacin ɗauka. Gida ya taru, kowa ya karkace wuya, har wani yana cewa a kwantar da talabijin ɗin. Gwaggo ta miƙe ta ce ta bar tukunya a wuta. Kowa ya ce ai ba ta son gani, a daina kunnawa a gabanta.

Bayan 'yan makonni, da hantsi, sai ga ta a ƙofar shagona, wurin da ba ta taɓa takawa ba. Na durƙusa, muka gaisa har sai da ta tambayi kowa da komai, har akuyar mahaifiyata. Sannan ta kwance bakin mayafi ta fito da faifan.

"An ce kai ma kana irin wannan aikin," in ji ta.

"Ina taɓawa, Gwaggo."

"To, abin nan a kwance yake, yara suna ta karya wuya. Kuma ba ya tashi sai an yi ta danne-danne. In yaran sun tafi gona, babu mai kunna wa baƙi."

Baƙi! Wane baƙo ne zai je Kurmin Kogi ana tsakar noma ya ce a kunna masa faifai? Na sunkuyar da kai. Ita kuma ta kalli titi ta ce, kamar da motoci take, "Idon nan kullum ƙara rufewa yake. Bana ina gane fuska in ta matso. Baɗi sai abin da Allah ya yi."

Nan na gane. Matar nan ba ta taɓa ƙare wa ɗanta kallo ba, kuma ba za ta iya kallonsa a gaban jama'a ba ko a allo ne. So take ta gan shi ita kaɗai, tun idon yana gani. Na ce, "Gwaggo, baƙi za su gani, in Allah ya yarda."

Ban yarda da kwafin da ke faifan ba, don bidiyo in ya bi wayoyi da yawa ramewa yake, fuska ta zama dishi-dishi. Na hau babur har Kudan, inda abokin nan da ya ɗauki bidiyon yake noman dankali, na kwafo na asali daga wayarsa. Daga can na biya Kurmin Kogi na ɗauko na'urar gidan kanta, tsohuwa ce mai zaɓen faifai kamar mara lafiya da abinci. Ba zan gwada a tawa ta yi, a je can ta ba ni kunya ba.

Da farko na tayar da bidiyon tsaye. Sai ya koma siriri a tsakiyar allo, baƙi dama baƙi hagu, fuskar ba ta fi ƙwai ba. Wannan zai ishi mai ido, amma ban da Gwaggo. Na yanke sama da ƙasa, na sadaukar da tukunyar da bishiyar bayansa, na jawo fuskar ta cika allo. Na ƙara haske. Ƙarar injin matse rake tana danne muryarsa, na yi ta rage ta ina ɗaga maganar, ina maimaitawa har dariyarsa ta zauna mini a kunne. Sau da yawa na tashi na fita waje na sha iska, don ba wasa ba ne ka wuni da fuskar taubashinka ba ka da halin rama tsiya. Masu son a tura musu waƙa suka yi ta leƙowa, na ce yau babu, wani ya yi tsaki, na ce ya tafi da tsakinsa gaba.

Sai babban aikin. Na juya shi zuwa irin na faifan kallo na sosai, na cire duk wani shafin zaɓi, yadda da an tura faifai zai tashi da kansa, in ya ƙare ya sake komawa farko ba sai an taɓa komai ba. Na ƙona shi a hankali, a mafi ƙarancin gudu, don tsohuwar na'ura ba ta son faifan gaggawa. Na sa shi a na'urar Gwaggo. Allo ya yi baƙi, sai ga shi ya waiwayo yana dariya, a tsaye cak. Na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi har mai shayin kusa da ni ya leƙo.

Na kai mata da safe, bayan maza sun fita gona, mata kuma sun tafi barkar haihuwa. Na haɗa wayoyin na'urar da batirin sola na bar faifan a ciki. Na manna salatif mai kauri a kan maɓallin kunnawa yadda yatsa zai gane shi.

"Gwaggo, in baƙin sun zo, wannan kaɗai za ki danna."

Ta lalubo shi da yatsa, fuskarta a wajen ƙofa. "Na ji. Allah ya yi maka albarka. Gaida mutanen gida."

Na fito. A bayan ɗakinta na jingine babur, ina cikin ɗaure jaka sai na ji muryar taubashina ta taga: "Ku gaida mini mutanen gida, ku ce ina nan tafe!" Sai na ji wata murya, a hankali, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke. Ta ce, "Muna amsawa." Faifan ya koma farko, ya sake gaisuwa, ta sake amsawa.

Ban tayar da babur ba. Tura shi na yi har na wuce gonakin bayan gari, kada ƙararsa ta sanar da ita akwai mutum a kusa. Ina turawa ina share fuska da hannun riga, kuma ban taɓa jin ni wani ne ba kamar ranar.

Idon nata ya rufe kafin damina ta zagayo. Da na je gaishe ta da sallah, ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Na dubi na'urar, salatif ɗin ya yi baƙi ƙirin da dannawa.

"Ɗan nan," in ji ta, "faifan nan naka ya yi kyau. Baƙi sun gani sosai."