Mai Aski da Tsohon Bakin Taga

Ranar Asabar, sha tara ga watan Yuli, ana gab da azahar, Allah Ya karɓi ran abokina kuma maƙwabcina a sana'a, wanda duk unguwa ta sani da Mai Aski. Babbar mota ce ta buge shi yana kan babur, a mararrabar da ke gaban asibiti. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Ni tela ne, ba marubuci ba. Bango ɗaya ne ya raba shagona da nasa shekara da shekaru, shi ya sa 'yan ƙungiyarmu ta taimakon al'umma suka ce ni zan rubuta wannan. Na ce to, amma da shi zan yi magana, domin na saba in ɗaga murya ya ji ni ta bayan bango.

Mai Aski, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. A wajen taro ba ka da amfani. Da Shugaban ƙungiya ya miƙe ya fara jawabi, sai kanka ya fara rinjaya, in yi ta zungurarka da gwiwar hannu. Amma ranar yashe magudanar ruwa, kafin mu gama gardamar wa zai fara shiga, kai ka riga ka naɗe wando kana cikin ƙazanta har gwiwa. A wasan ƙwallon da muke yi tsakanin ma'aurata da gwauraye don tara gudummawa, kai ne mai tsaron gidanmu, kuma ba a taɓa yin mai tsaron gida mai kyauta irinka ba. Duk ƙwallon da ta wuce ka, sai ka ce wandon da na ɗinka maka ne ya matse ka.

Wajen neman taimako kuwa, kana da wata hanya da har yau ban san ko ta halatta ba. Sai mai hali ya zauna a kujerarka, ka aske masa rabin kai, ka kashe inji, ka ce, "Yallaɓai, ka kuwa ga rufin ajin yaran nan da iska ta yaye?" Mutum ya dubi kansa a madubi, ya ga ba damar tashi, ya sa hannu a aljihu yana dariya yana zaginka. Da haka aka rufe ajin nan, da haka aka haƙa rijiyar bayan kasuwa. Babu wanda ya daina zuwa wurinka aski saboda wannan.

Akwai wani aiki da ƙungiyarmu ke yi wanda ba a ɗaukarsa hoto. A ɗakin maza na asibiti akan sami majinyatan da ba su da kowa: ba mai kawo musu abinci, ba mai juya su a gado, ba mai kai su bayan gida. Kowane ɗan ƙungiya yakan ɗauki ɗaya ya tsaya masa. A tsakaninmu muna kiran kanmu dangin aro. Doka ɗaya muka kafa, cewa za mu gaya wa mara lafiya gaskiya, mu 'yan ƙungiya ne, ba jininsa ba, don kada ya sa rai a inda bai kamata ba.

Kai ka karya dokar nan. An tsinci wani tsoho a tashar mota, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya faɗin inda ya fito, magana ma da ƙyar take fita. Aka kwantar da shi a gadon da ke bakin taga. Ka je da akwatin askinka kamar yadda ka saba, ka shafa masa kumfa, ka sa reza. Sai ya kama wuyan hannunka da hannunsa mai lafiya, ya ƙura maka ido, ya ce, "Ka zo?"

Ka ce, "Na zo, Baba."

Ya ce, "Na san za ka zo." Hawaye suka gangaro cikin kumfar.

Daga baya muka harhaɗa labarin daga guntayen maganarsa. Yana da ɗa guda ɗaya da ya fita neman abinci tun da daɗewa, bai dawo ba, bai aiko ba. Nemansa tsohon ya fito yi ciwo ya kada shi a hanya. Kai ya ɗauka ɗan nan ne.

Na yi maka faɗa a kan haka, ta bayan bango da kuma ido da ido. Na ce wannan yaudara ce. Ka ci gaba da wasa almakashinka ka ce, "Mai Allura, ni ban ce masa ni ɗansa ne ba. Ya tambaye ni ko na zo, kuma na zo. Ina ƙaryar?" Na ce to ranar da ya gane fa? Ka ce, "Ranar sai mu yi kuka tare." Na kira ka mai taurin kai, ka kira ni mai ɗinkin da ba ya zama a jiki, muka rabu a haka kamar kullum.

Tun daga nan kullum da rana kake rufe shago ka kai masa abinci. Ba ya karɓar cokali daga hannun kowa sai naka. Kai kake yi masa wanka, kai kake yanke masa farce. Yakan yi maka faɗa irin na uba, ya ce ka rame, ya ce me ya sa ba ka kawo masa jikoki ba. Sai ka kwashi 'ya'yanka ka kai masa, suka durƙusa suka gaishe shi. Mahaifinka ya rasu kana ƙarami, ba ka ma tuna fuskarsa. Ban taɓa jin ka haɗa wannan da wancan ba, ni ma ban taɓa tambayarka ba.

Ranar da abin ya faru muna filin makaranta, muna taron tara gudummawa don sayen katifu da kekunan majinyata. Ka kafa kujerarka a ƙarƙashin rumfa kana aski kyauta, duk wanda ya tashi ya jefa abin da ya samu a bokiti. Da rana ta take ka kakkaɓe tawul, ka ce mini, "Riƙe mini layin nan, Baba na jira." Ka ɗaura kular abinci a bayan babur ka tafi. Ana cikin tafa wa wani mai bayarwa aka kira Shugaba a waya. Na ga fuskarsa kafin ya yi magana, na gane ba lafiya.

A ɗakin gaggawa na asibitin nan ka cika, a ƙasa, tsohon yana bene a kan gadonsa yana kallon ƙofa. Mun yi maka sutura a ranar. Ban taɓa ganin jama'a a unguwarmu kamar ta jana'izarka ba, har mutanen da ka aske wa rabin kai sun zo suna kuka kamar yara.

Sai maganar tsoho ta taso. Shugaba, wanda mai kemis ne kuma ya fi mu sanin ciwo, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, a ce masa ka yi tafiya. Duk muka yarda, don babu mai son ya zama shi zai faɗa. Direban ƙungiya ya kai masa abinci ya gaya masa haka. Tsohon ya ce, "Ya sake tafiya?" Ya juya fuskarsa bango. Daga ranar ya rufe bakinsa. Muka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya lallashe shi, wancan ya yi masa wa'azi, ko ruwa sai an ɗiga masa. Babbar nas ɗin ɗakin ta tare ni a baranda, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, ruwan da nake sa masa a jijiya ba zai riƙe shi ba. Mutumin nan ba ciwo ne zai kashe shi ba, gani yake an sake yar da shi. Ku san abin da za ku yi."

Na koma shago na kasa taka keken ɗinki. Bangon nan shiru, ba ƙarar inji, ba rediyonka mai tsatsa. Na ga cewa idan muka ci gaba da rufa-rufa, tsohon nan zai mutu yana ganin ka gudu ka bar shi, kai da ka mutu da abincinsa a bayan babur. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Raina ya ɓaci da mu duka, har da kai da ka bar mana wannan kaya.

Washegari da hantsi na je. Ya ƙara ramewa, gemunsa ya tofo fari fat. Na jawo kujera na zauna, na ce, "Baba, ni ne telan da ke kusa da shagonsa. Ba tafiya ya yi ba. Allah Ya yi masa rasuwa. Mota ce ta buge shi a bakin asibitin nan."

Ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Nan yake zuwa?"

Na ce, "Nan yake zuwa, Baba. Abincinka ne a tare da shi."

Ya ce, "Ba guduna ya yi ba?"

Na ce, "Wallahi ba gudunka ya yi ba."

Sai ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya maimaita. Sannan ya fashe da wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba, rabin bakinsa na motsi, rabi a tsaye. Na zauna ina riƙe da hannunsa. Ban taɓa ganin wanda labarin mutuwa ya zame wa sauƙi ba sai ranar.

Da ya lafa, ya ce a tashe shi zaune. Ya ce, "Ku kai ni gidan. Mutane na zuwa gaisuwa ba su tarar da ubansa ba."

Wannan ma bai zo da sauƙi ba. Yayanka ya ce sam. Ya ce, "Ubanmu ya rasu tun muna yara. Wane uba kuma za a kawo mana ƙofar gida, mutane su ce me?" Ban ga laifinsa ba, zafin rashi ne. Maiɗakinka ce ta yi magana daga bayan labule, muryarta a dishe. Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ni na dafa abincin nan kullum, kuma da sunan surukina nake dafawa. Ku kawo shi."

Likita ya ba mu izini na ɗan lokaci. A ɗaya daga cikin sababbin kekunan muka tura shi, muka ajiye shi a inuwar ƙofar gidanka. Masu gaisuwa suka riƙa durƙusawa a gabansa suna cewa, "Baba, ya haƙuri?" Yana amsawa da kai. Yayanka ya daɗe a tsaye daga nesa, hannu a baya. Can ya tako, ya cire takalmi, ya durƙusa shi ma. Tsohon ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Ka riƙe yaran."

Ya karɓi ɗan abinci a ranar daga hannun maiɗakinka, kaɗan ƙwarai. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce jikin ya riga ya yi nisa, mu dai yi ta addu'a. Ɗansa na gaskiya, ko yana raye ko ya mutu, Allah kaɗai Ya sani, har yau babu wanda ya zo cigiya. Amma yanzu idan nas ta leƙo ta tambaya ina dangin mai gadon bakin taga, yayanka ne yake miƙewa.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo Maka, bai zo da dukiya ba, bai zo da muƙami ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya amsa wa wanda ba shi da kowa, Ka amsa masa a ranar da ba shi da kowa sai Kai. Ka raya masa 'ya'yansa, Ka tsaya musu, Ka kyautata namu ƙarshen.

A madadin 'yan ƙungiya, ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa da 'ya'yansa, da yayansa da sauran 'yan uwa, da duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa. Ina kuma miƙa ta ga Baba, wanda ke kwance a bakin taga. Baba, Allah Ya ba ka haƙurin rashin ɗanka.