Hannun Daman da Na Kai Argungu

Mun tashi da asuba daga tashar Birnin Kebbi, a bayan wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan albasa. Na ce "mun" ne don ba ni kaɗai ba ne a motar, amma ba wanda ya san ni, ba wanda ya rako ni. Na ja ƙyauren ɗakina na Nasarawa na sa kwaɗo, ban sallami kowa ba, don babu wanda zan sallama. Kayan tafiyata su ne kayan aikina: almakashi biyu, 'yar askar kankare farce, dutsen washi, soso da kwalbar ruwan sabulu.

Yankan farce nake yi. Na fara tun ba ni da gemu, ga shi yau gemun ya yi furfura. A aji huɗu na bar makaranta, wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Masu cewa kowace sana'a tana da gaba su zo su nuna mini gaban wannan. Malami ya zama hedimasta, yaron mota ya zama direba. Mai yankan farce kuwa a tsugune ya fara, a tsugune zai gama. To, ni tsugunon ne ya soma gagarata. Gwiwoyina sun ƙi. In na gama ƙafar mutum sai na dafa bango kafin in miƙe, wani lokacin ma mai ƙafar ne ke ɗaga ni.

Abin da ya kai ni Argungu ke nan. Ina da aboki a can wanda muka fara yawon almakashi tare. Shi Allah ya ɗaga shi, ya koyi askin zamani, ya buɗe shago kusa da kasuwa. Ya aiko wani direba ya gaya mini in na gaji da yawo in zo, akwai benci.

Hanya ba laifi, kwalta ce, sai dai ramukan da damina ta bari. A Ambursa direba ya tsaya ya ƙara mana mutum biyu da akuya ɗaya, akuyar ta fi su ladabi. Na sayi ƙosai na sule, aka ƙirga mini kamar ana ba ni gado. Daga nan sai fadama, shinkafa ta yi kore har inda ido ya tsaya. Mutane suna kallon gona, ni ina kallon ƙafafu, don haka aiki ya mai da ni. Manomin da ke gabana farcen babban yatsansa ya yi kauri kamar ƙahon rago. Kusa da shi wani ma'aikaci ne da zai wuce Sakkwato neman ƙarin girma, ya kulle tasa ƙafar cikin safa. Irinsu ne ke cewa in rage musu kuɗi.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Almakashinmu na hannun dama ne. Mai yankan farce zai gyara hannun duk garin, amma nasa na dama ya fi ƙarfinsa. Saboda haka da can, duk Juma'a bayan mun gama yawo, ni da abokin nan nawa mukan zauna gindin wata dalbejiya, in miƙa masa damana ya yanke, ya miƙo mini nasa. A nan muke zagin marowata mu yi dariya. Tun da ya tafi ban miƙa wa kowa ba. Da reza nake ɗan daddatsewa, ko da haƙori. Da saƙonsa ya zo sai na bar su suka yi tsawo. Ku yi dariya in kuna so.

Mun shiga Argungu rana ta ɗaga, gari duk ƙarnin kifi da ƙamshin hayaƙin banda. Ban sha wuyar gane shagon ba. Madubi ne kusan tsawon mutum, ga kujera mai juyawa, ga fanka, ga rediyo. Shi kuma ya yi tumbi. Ya tarbe ni da fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba.

"A'a, maigidan! Kai ad da furfura haka? Yaya mutanen Birni?"

Muka gaisa, na zauna. Da shagon ya yi sauƙi sai na miƙa masa hannun damana, yatsu a buɗe. Ya duba, ya yi dariya.

"Kai, wagga akaifa taka ai sai ta tsorata mini mutane."

Ya laluba aljihu ya ciro makullansa. A jikinsu akwai ɗan ƙarfen nan na kanti da ake matsawa ya datse farce. Ya ɓalle shi ya jefo mini a cinya.

"Amshi wanga, ka yi da kanka. Riƙe shi ma, na bar maka."

Sai wani ya shigo aski, abokina ya juya wajensa. Na janye hannuna na cusa a aljihu.

Bencin gaskiya ne, yana bakin ƙofa, cikin inuwa. Tsarin kuma ba zalunci: abin da na samu a kasa uku, ya ɗauki ɗaya. Washegari kasuwa ta ci, na samu abin da a Birni sai in yi rabin mako ina kaɗa almakashi lungu-lungu ban gan shi ba. Mutum yana kan kujera ana masa aski, ya miƙo mini ƙafa, idonsa na kan madubi. Masunta farcensu laushi, ruwa ya jiƙa shi, aikin ba wuya. Sai dai ba mai ce maka ci kanka. Mu a Birni in na gama nakan tattara farcen in zuba wa mai shi a tafin hannu, ya je ya binne abinsa. A nan tsintsiya ce ke kwashewa tare da gashi. Na tsince wa wani dattijo nasa, abokina ya ce, "Bari wahal da kanka, nan shago ne, ba gindin icce ba."

Da la'asar na gangara bakin gulbi na zauna. Jiragen masunta na dawowa, kowa da wanda ke jiransa ya kama masa igiya. Na daɗe a wurin. Bayan magariba aka aiko mini da tuwon shinkafa da miyar kifi daga gidansa, tuwo mai kyau ƙwarai. Shi a gida ya ci, da iyalinsa, haka ya kamata. Ni na ci a shago, gaban madubi, ni da wani tsoho mai dogon farce yana kallona ina kallonsa. A ɗakina ma ni kaɗai nake ci, amma can ba mai nuna mini.

Da safe na ce masa zan koma.

"Subhanallahi! Kuɗin ne ba su yi ba? Gwiwar fa?"

Na ce kuɗi sun yi, gwiwa kuma ta saba. Ya ce, "Kai dai har gobe ba a gane maka." Ya biya mini kuɗin mota. Ban ce ya yi mini laifi ba. Benci ya yi alkawari, benci kuma ya bayar.

Kafin in shiga mota na ratsa kasuwa na sayi kujera 'yar tsuguno, irin ta mata, mara nauyi, wadda zan iya ratayawa a kafaɗa. Bayan duk shekarun nan, ƙarin girman da na samu ke nan: na tashi daga ƙasa da taƙi ɗaya.

Na iso Birni ana kiran azahar. Mai shayin bakin layinmu ya ce, "Yau ba ka fita da wuri ba?" Bai ma san na yi tafiya ba. Na buɗe ɗaki, na zauna a kan sabuwar kujerata, na ciro ɗan ƙarfen nan da niyyar in jefa shi a masai. Sai na ce bari dai in gwada. Na riƙe da hagu, na matsa. Kafin ka ce kwabo yatsu biyar sun yi tas, ba jini, ba karkata. Wallahi da ya ƙi yanka da na fi jin daɗi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Sana'armu tana da gaba, na je na gani da idona, har da fanka. Gabanta shi ne ka kai inda ba ka bukatar miƙa wa kowa hannu. Ni ma ga shi na kai. Na tattara farcena, na rasa tafin da zan zuba wa, na zuba a nawa, na zagaya bayan ɗaki na binne.