Gaisuwar da Na Zubar

Ban taɓa mantawa da safiyar wata Talata ba, da Hajiya Mairo ta faɗo ofishinmu na GRA da takarda a hannu, ta amsa gaisuwar Injiniya Sada a tsaye. A garin nan idan babba ta amsa gaisuwa a tsaye, ka san ba lafiya ba. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan kuke cewa ni Oga Almu ba na kuskure, to ku gyara zama.

Lokacin ina shekarata ta biyu a kamfanin, ƙaramin mai rubuta manhaja, Injiniya Sada ne shugaban sashenmu. Hajiya Mairo kuwa ita ce mai sa ido a wata ƙungiya da ke kula da ƙananan asibitoci a cikin gari da kewaye. Aikin da suka ba mu ba shi da wuyar faɗa. Kowace Litinin mai kula da sito na kowane asibiti zai turo saƙon tes, ya faɗi maganin da ya rage da wanda ya ƙare. Mu kuma mu yi manhajar da za ta karanta saƙon ta zuba shi a jadawali, Hajiya ta buɗe kwamfuta ta gani ba sai ta bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya ba.

Ga waɗanda ba 'yan sana'ar ba, kwamfuta ba ta jin magana sai an ƙirƙira mata ɗan ƙaramin yare mai ƙa'ida. Mun ɗauko wani laburare, wato kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta, wanda ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa kamar injin markaɗe, ka kwance wannan ka ɗaura wancan. Gunduwa ta farko tana yayyanka saƙo kalma-kalma. Ta biyu tana duba ko kalmomin sun jeru yadda muka tsara. Ta uku, wadda muke kira kamfaila, ita ke juya abin da aka fahimta ya zama umarnin da kwamfuta za ta bi ta cika jadawali. Daɗin laburaren shi ne kana iya soka taka gunduwar a duk inda ka ga dama, ba mai ce maka don me.

Yaren da muka tsara gajere ne. A rubuta RAHOTO, sai sunan asibiti, sai magani da adadinsa. A ofis mun gwada, komai ya tafi sumul. Makon da aka fara da gaske kuwa, kusan duk saƙonnin manhajar ta ƙi su, domin ba wanda ya fara da RAHOTO. Sallama ce, da an tashi lafiya, da ya gida, ya aiki, ya yara, ya muka ji da zafi. Abin kunyar shi ne mu da muka rubuta saƙonnin gwajin duk 'yan gari ne. Ni ɗan Ƙofar Kaura ne, ko gishiri na je saya sai na tambayi mai shago lafiyar tsohuwarsa, amma da na zauna gaban kwamfuta na manta da wannan kaf.

Hajiya ta tara masu sito ta yi musu bita, suka ce to, Litinin na zagayowa suka sake gaisawa. Nan ne na ga damar nuna kaina. Na rubuta wata 'yar gunduwa, layi goma sha biyu, na soka ta gaban mai yanka, na raɗa mata suna Rariya. Aikinta ɗaya ne, duk abin da ya zo kafin RAHOTO ta zubar. Na kuma sa manhajar ta riƙa mayar wa kowa da amsa, "An karɓa, an gode." Jadawali ya cika tsaf. Injiniya ya yaba mini a taron mako, ni kuwa kaina ya kumbura, har na fara koya wa na gaba da ni aiki.

Wata huɗu muna haka, sai ga Hajiya da takardarta. Ta ce ta kai ziyarar ba-zata wani asibiti wajen Ƙofar Kwaya, ta tarar da firjin alluran rigakafi a mace, wai ya kusa mako uku da fara lalacewa. Mai siton, Malam Lawal, dattijo ne da ya rage masa 'yan watanni ya yi ritaya, kuma tunda ya fara aiki ko jan kunne bai taɓa shiga fayil ɗinsa ba. Yanzu ga takardar tuhuma an rubuta masa kan ƙin sanar da na gaba. A dokarsu yana da kwana biyu ya kare kansa, in bai gamsar ba a dakatar da shi. Shi kuma ya kafe cewa sau uku yana faɗi, har ana amsa masa.

"Injiniya, ga jadawalinku, ba firji ba dalilinshi," in ji Hajiya. "Ni ban son in zalunci dattijo, amma ban iya aiki da rantsuwa. Ku hiddo mani abin da ya turo."

Injiniya ya waiwayo. "Almu, buɗe mana rumbun saƙonni."

Allah ya so laburaren yana ajiye kowane saƙo yadda ya shigo kafin a taɓa shi. Ba dabarata ba ce, haka na same shi, har na taɓa niyyar kashe wannan ɓangaren don yana cin wuri. Na buɗo saƙon Malam Lawal na farko cikin makonni ukun nan, na fara karantawa da ƙarfi. Sallama, da fatan an tashi lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Sai muryata ta fara raguwa. "Mu ma nan lahiya lau, sai godiya. Sai dai ɗan firjin namu kwana biyun nan ba ya sanyi sosai, in an samu sarari a duba mana. RAHOTO..."

Mako na biyu ya ce firjin dai ya tsaya, amma ya kwashe alluran a kula mai ƙanƙara ya kai asibitin da ke kusa da su a kan babur ɗinsa, kada hankali ya tashi. Mako na uku ya ce yana dai tuni, ya san ayyuka sun yi mana yawa. A ƙarƙashin kowanne ga amsar manhajata, an karɓa, an gode.

Gaskiya sai da zuciyata ta raya mini in ce ai bai bi ƙa'ida ba. To amma ina zai sa maganar? Yaren da muka tsara ba shi da gurbin firji. Kuma na san mutanenmu, dattijo irin Malam Lawal ba zai buɗe baki da mummunan labari ga na gaba da shi ba. Sai ya gaisa, ya gode wa Allah, sannan ya ajiye maganar a hankali. Daidai wurin nan na kafa Rariya.

Na ce, "Hajiya, ya faɗa. Ni na zubar."

Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ce ba za ta shiga fayil ba. Injiniya kuwa ya ce hukuncina shi ne in je da ƙafata in yi wa Malam Lawal bayani.

Na same shi bayan azahar a bakin sito. Mun kwashe mintuna muna gaisawa, ina jin kowace gaisuwa kamar mari. Da na gama bayani sai ya tuntsire da dariya.

"Yanzu, ɗana, wata huɗu lahiyar iyalin na'ura nike tambaya?"

Na sunkuyar da kai. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ni na ɗauka mutum ne ke karantawa. Shi ya sa ban so in tada mashi hankali da sassahe."

A makon na kwance Rariya. Na ɗaura wata gunduwar da ba ta zubar da komai, duk abin da manhaja ba ta gane ba sai ta ajiye shi gefen jadawali mutum ya karanta da idonsa. Gurbin firji ma mun ƙara, ko da yake Malam Lawal har ya yi ritaya bai taɓa amfani da shi ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa nake matsa muku idan na ga layin da ke share wani abu a aikinku. A sana'armu da zarar mun kasa karanta abu sai mu ce ba shi da amfani. Mutanen da muke yi wa aiki kuwa, abin da ya fi damunsu shi suke faɗa a hankali, don suna ganin girman wanda zai ji. Malam Lawal ya yi wata huɗu yana ganin girmana, ni kuma ko sau ɗaya ban buɗe saƙonsa ba.