Zaman Anas a Kan Darduma

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cigiyata ku yafe ni. Ɗana Anas ne ba lafiya, kuma da hannuna a ciki.

Shekararsa bakwai, tun da ya fara tafiya bai san zama ba. Ka aike shi ɗauko cokali, ya dawo da takalmi. Muna haya a hawa na uku a unguwar Shisha a nan Makka, mai gidan yana ƙasanmu, kullum sai ya aiko: ko a daina guje-gujen nan ko mu tashi. Ni kuwa Allah Ya yi ni da zafin zuciya.

Sai na riƙa shimfiɗa darduma a falo in ce, "Zauna. Ka tashi ka gani."

Gida ya yi tsit. Har murna nake yi.

Wata rana bayan la'asar na fito daga kicin na tarar da shi a kan dardumar. Ban sa shi ba. Hannu a gwiwa, ido a bango, wando a jiƙe. Na ce, "Anas, me ya hana ka shiga bayi?" Bai juyo ba, ya ce, "Ba ki ce in tashi ba."

Na naɗe dardumar na ɓoye. Washegari ya zauna daidai wurin, a kan tayil.

Daga nan magana ta ɗauke ɗif. Ba ci sai an ɗura masa, ya tsige gashin girarsa tas. In ka kira sunansa sai ya ƙara gyara zama.

Yayar babansa ta zo daga unguwar Rusaifa ta ce aljanu ne. Aka yi ta ruƙiyya, shiru. Muka tafi asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi gwajin ji, aka manna masa wayoyi a kai. Ma'aikaciyar tana yaba yadda bai motsa ba, ni ina kuka. Zoben aurena ne ya biya hoton ƙwaƙwalwa.

Likitar yara, wata dattijuwa 'yar Sudan, ta ce, "Ƙwaƙwalwarsa lafiya. Yana da matsalar tattara hankali, zama wuri ɗaya azaba ne a gare shi. Wannan shirun kuwa tsoro ne. Wa yake tsoro a gida?"

Babansa ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ce."

Duk mako muna komawa, kuma rabin zaman ni ake koya wa. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Yabo in ya yi daidai. Fili kullum da yamma ya yi gudu. Muka bar benen, muka koma gidan da ba kowa a ƙasanmu.

Sai a wata na uku ya yi magana. Ina shafa masa mai, ya ɗago ya ce, "Umma, kin huce?"

Innalillahi! Ashe abin da yake jira ke nan.

Yanzu ya koma makaranta, gira ta fito, surutu kamar rediyo. Alhamdulillah. Waɗanda suka yi mana addu'a, Allah Ya biya ku.

Iyaye, don Allah: in yaro mai ƙiriniya ya yi shiru lokaci ɗaya, kada ku ce ya shiryu. Ku yi addu'a, ku kai shi likita, kuma in an tambaye ku abin da kuke yi masa a gida, ku faɗi gaskiya.