Wanda Kakarsa Ta Goya

Har yau ina tuna ranar da muka ƙetarar da wata tsohuwa a mashigar Haɗeja, cikin Marka, kogi ya cika har ya taɓo gonakin dawa. Ku da kuka zo bayanmu, ku sani a lokacin da gora muke fito. Mutum ya kifa cikinsa a kan babban gora, ɗan fito ɗaya yana ja, ɗaya yana turawa, duk da iyo. Sarkin Fito ke haɗa mu biyu-biyu.

A ranar nan, da Bukar aka haɗa ni, kuma ban so ba. Bukar ɗan fari ne. Uwarsa, saboda kunya, ko sunansa ba ta faɗa, don haka tun daga yaye yana hannun kakarsa, mai kiransa mijinta tana yi masa tsiya safe da yamma. Haka ya tashi, ba tsohuwar da za ta wuce bai tsokane ta ba. Ni kuwa baffana ne ya rene ni, mutumin da ya koya mini iyo da tsawa, shi ya sa wasa a bakin aiki ke ba ni haushi.

Tsohuwar ta fito daga wajen Kirikasamma, za ta ga jikarta da ta haihu. Muna kaiwa tsakiya igiyar ruwa ta juya goran. Ta firgita, ta saki hannu ɗaya ta cafki wuyana. Wanda ya firgita a ruwa yakan nutse da mai cetonsa. Na daka mata tsawa na ce ta sake ni, sai ta ƙara shaƙe ni, har na sha ruwa.

Sai Bukar ya zagayo gabanta yana murmushi.

"Haba matata, a gabana za ki rungumi wani ƙato? To na sake ki, je ki."

Tsohuwa ta buɗe ido ta harare shi.

"Ja'iri, da me ka aure ni? Ko zane ba ka taɓa saya mini ba."

Tana cikin zaginsa ya zare hannunta daga wuyana ya mayar kan gora. Haka suka yi ta cacar baki har ƙafarmu ta taɓa yashi.

A gaɓa na tambaye shi yadda dabarar ta zo masa. Ya ce ba dabara ba ce. Yana ƙarami in aradu ta firgita shi, kakarsa ba ta cewa ya daina kuka, sai ta ja shi da faɗa har ya manta. Ya ce ta rasu da bazara, kuma muryar tsohuwar nan irin tata ce. Daga nan ya juya mini baya, ya daɗe yana wanke fuska. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Da na gaji sarautar fito, in an kawo mini mai neman aiki, iyo ba ya damuna, kowa a bakin kogin nan ya iya. Abin da nake fara tambaya shi ne wa ya goya shi, kuma me yake yi masa in ya tsorata.