Naman layyar Hajiya

Muna nazarin wasiƙun manzanni a gidan Mama Saratu a Kakangi, gardama ta kaure: ya halatta Kirista ya ci naman layya?

Sai ga Hajiya maƙwabciyarta da kwano cike da soyayyen naman layya. Mama ta karɓa hannu biyu.

Bayan Hajiya ta fita na ce, "Mama, ba mu gama tattaunawa ba fa."

Ta ce, "Ɗana, lokacin da 'yan bindiga suka kore mu, sati guda muka yi muna cin tuwonta. Wa ya tsaya buɗe wasiƙa? Yi mana addu'a kawai."

Dariya ta ɓarke. Muka cinye tas, har shugaban gardamar ya nemi ƙari.

Ku me za ku ce wa Mama?